Telan da wuyansa ya ƙi komawa daidai: nazarin wani lamari daga Gombe

Da hannu a haɓa ya shigo. Tun kafin ya gama sallama na lura da yatsu biyu na hannunsa na dama ɗore a gefen haɓa, kamar mai lissafi a zuci. Da ya miƙo hannun don mu gaisa, sai kan ya tafi. Haɓar ta riƙa zamewa hagu a hankali kamar ana jan ta da igiya, kafaɗar hagu ta ɗago ta tarye ta, har ya zama da wutsiyar ido yake kallona. Ya yi maza ya mayar da yatsun, kan ya dawo.

"Likita, ka ga abin da ya kawo ni," in ji shi.

Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a wani asibiti a garin Gombe. Mutumin tela ne, shekararsa 43, yana da mata da 'ya'ya shida, da shago mai yara uku masu koyon aiki. Da izininsa na rubuta wannan, kuma na cire duk abin da zai sa a gane shi. Shekara biyu ya yi yana yawo da wannan wuya, duk inda ya je da magana ɗaya ake sallamar sa: ba a ga komai ba. Wannan maganar ce ta sa ni rubutu, domin ta cutar da shi kusan kamar yadda ciwon ya cutar da shi.

Yadda abin ya faro

Ana saura mako uku ƙaramar Sallah, lokacin da tela ba ya bambanta dare da rana, ya fara jin ƙeyarsa ta yi nauyi. Ya ɗauka wuya ne ya ƙage. Kowa ya san ƙagewar wuya: ka kwana a karkace ko iskar fanka ta yi ta bugun ka, ka tashi ba ka iya waiwaye, bayan kwana uku ko mako guda ya sake ka. Nasa bai sake shi ba. Ƙaramin yaron shagon ne ya fara gani. Wata rana ya ce, "Maigida, wa kake jira ne? Tun ɗazu ƙofa kake kallo." Shi kuwa a zatonsa allurar keke yake kallo.

Cikin shekara guda abin ya zauna da gindinsa, kuma yana da ɗabi'un da matarsa ta haddace fiye da shi. Da asuba yakan tashi da wuya lafiya lau, ya samu kamar rabin awa kafin jan ya fara. Tafiya tana ƙara shi, haka gajiya da ɓacin rai, haka shiga taro. In ya jingina ƙeya da bango, ya lafa. In ya yi barci kuwa, babu shi sam. Ta ce ta sha tashi tsakar dare ta haska shi da fitilar waya, ta ga kansa a miƙe kamar na kowa. In ya yi ƙoƙarin juyo da kan dama da ƙarfin tsiya, sai ya kama rawa, kamar mai cewa a'a. Ga ciwo mai zafi daga bayan kunnen hagu zuwa kafaɗa, wanda yake tsananta da yamma.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne salla. Yana tsaye a sahu, ƙirjinsa na fuskantar alƙibla, fuskarsa na kallon na hagunsa. In aka zo sallama, sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin fuskar ta kai dama. Ya koma tsayawa a ƙarshen sahu ta ɓangaren hagu, inda ba wanda zai kalla sai bango. Babur kuma ya ajiye shi ranar da ya kusa shiga ƙarƙashin Keke Napep a wani shataletale, domin bai ga abin da ke tahowa ta damarsa ba. Masu kawo ɗinki suka fara raguwa. Wani ya gaya wa ƙaninsa cewa telan ya soma girman kai, ana yi masa magana yana kau da kai. Daga nan ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina zama majalisar ƙofar gida.

Yawon neman magani

Da ya tuɓe riga, tarihin yawon nasa na nan a fatarsa. Shaidar ƙaho guda takwas a ƙeya da kafaɗu, aikin wanzami. Maɗori ya kama kan da hannu biyu ya murɗa shi dama har wuyan ya yi ƙara; ya ji daɗi na yini guda, washegari ya tashi ciwon ya ninka. Ya sha rubutu, an yi masa tofi. A kemis aka ɗora shi kan diklofenak, safe da dare, ya yi wata bakwai yana haɗiya, sau da yawa ba tare da ya ci komai ba.

Bai ƙi asibiti ba. Sau biyu aka ɗauki hoton ƙashin wuyansa, sau ɗaya aka saka shi a na'urar MRI da kuɗin da 'yan'uwa suka harhaɗa. Duka suka fito lafiya. A gida, wannan sakamako ya rufe magana. Mahaifiyarsa, wadda suke kira Dada, ta ce tunda na'urar Bature ba ta gani ba, to ba ciwon asibiti ba ne. Ko iska ce, ko hannun abokan sana'a. Ƙaninsa kuma ya ɗauki wata fassarar. Ya taɓa ce masa, "Hamma, abin da yatsa biyu ke tsayarwa ai ba ciwo ba ne. Ka daure kawai." Telan ya maimaita mini wannan magana sau uku a zamanmu na farko.

Diklofenak ya yi aikinsa a ciki. Zafin ƙirji, ciwon ciki, sai amai. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Aka yi masa allurar tsayar da amai a kemis, aka ba shi ƙwayoyinta ya ci gaba da sha. A daren kwana na biyu wuyan ya yi abin da bai taɓa yi ba: kan ya ƙage baya, idanu suka kafe sama, harshe ya turo waje, magana ta gagara, alhali yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Aka kira mai ruƙiyya, aka kwana ana karatu da hayaƙi. Da gari ya waye ba sauyi, matar ta dage aka kai shi sashen gaggawa, kuma Allah ya sa ta zuba dukkan magungunansa a leda ta tafi da su. Likitar da ke aiki ta zazzage ledar, ta ɗauki katin Maxolon, ta ce ga shi nan. Ta yi masa allurar dayazifam ta jijiya. Kafin rabin awa idanu sun sauko, harshe ya koma, ya nemi ruwa.

Wannan dare ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fi ciwon telan kansa yawa a garuruwanmu. Maxolon da Plasil suna ne biyu na maganin tsayar da amai guda ɗaya. Shi da Stemetil, da magungunan taɓin hankali irin su Haldol da Largactil, duk suna toshe aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. A jikin wasu mutane, musamman yara da matasa, hakan kan sa tsokokin wuya da ido da harshe su ƙage cikin awanni ko 'yan kwanaki da fara shan maganin. Wanda bai sani ba zai rantse aljanu ne. Allurar da ta dace kan warware shi cikin mintuna, sai dai in ya taɓa maƙogwaro yana iya hana numfashi, don haka ba abin kwana da shi a gida ba ne. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ɗora wa wannan magani na Maxolon gargaɗi mafi tsanani a 2009, ta ce kada a wuce mako 12 ana shan sa, saboda dogon amfani da shi na iya barin motsin da ba ya warkewa. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kwana 5. A nan kuwa da baki ake sayen sa, har jariri ana ɗura wa.

Likitar ta lura da abin da ya rage bayan allurar: haɓar ba ta dawo tsakiya ba, ta koma hagu. Ta tambayi matar tun yaushe, aka ce shekara biyu. Ita ce ta rubuta takardar da ta kawo shi wurina, da wata zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Abin da na duba, da dalilin dubawa

Karkacewar wuya, wadda likitoci ke kira totikolis, alama ce, ba cuta ɗaya ba. Abubuwan da ke iya karkatar da kai suna da yawa, wasu na banza, wasu na kisa, kuma aikin farko shi ne ware su. Tambayoyi biyu sun fi kowace na'ura amfani a nan: tun yaushe, kuma me ka sha kafin ya fara. A lamarin telan, maganin amai ya zo bayan wuya ya riga ya shekara biyu a karkace. Ya tayar da rikici a kan ciwon da ke nan, amma ba shi ya kawo shi ba. Na bi tarihinsa da kyau don tabbatar da cewa bai taɓa shan maganin taɓin hankali ba, domin dogon shan su ma na haifar da irin wannan murɗewa, galibi mai jan kai baya.

Ba zazzaɓi, ba ciwon kai mai tafe da amai, kuma yana iya sauke haɓa ta taɓa ƙirji. Gombe na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a rani, shi ya sa duk wuyan da ya sandare da zazzaɓi ba ma wasa da shi ko na awa guda. Haƙoransa ba su sarƙe ba, ba rauni a ƙafa, to ba tetanus ba ne. Ba tari, ba zufar dare, ba rama, kuma hoton ya nuna ƙasusuwan wuya ba su zaizaye ba. Wannan ya kawar da tarin fuka na ƙashin baya. Bai faɗi ba, bai yi haɗari ba. Hannuwa da ƙafafu da ƙarfinsu, tafiyarsa daidai, ba ya ganin abu biyu-biyu. Na rufe masa ido ɗaya, sannan ɗayan, kan bai miƙe ba. Mai raunin wata tsokar ido yakan karkatar da kai ne don ya daina ganin biyu, in ka rufe ido ɗaya buƙatar ta gushe. MRI ɗin da aka raina a gida ya yi babban aiki, domin shi ya tabbatar ba ƙari a ƙwaƙwalwar ƙeya ko a laka.

Daga nan na ɗora hannu. Akwai wata tsoka mai kamar igiya da ta taso daga bayan kunne ta sauko kan ƙashin ƙirji. In ka juya kanka hagu ka taɓa gefen wuyanka na dama za ka ji ta miƙe. Ta damar telan ta yi kauri kusan ninki biyu na ta hagu, ta yi tauri kamar igiyar guga da aka jiƙa. Mutane da yawa kan yi mamakin wannan, amma haka halittar take: tsokar dama ita ke tura haɓa hagu. Tana da abokiyar aiki a ƙeya ta ɓangaren hagu, sai wata da ke ɗaga kafaɗa, su ma duk a ɗaure suke, kuma a nan ciwon yake. Da na kwantar da shi ya saki jiki, na iya juya kan dama har ƙarshe ba tare da wani abu ya tokare ba. Gaɓoɓin lafiyarsu ƙalau. Tsokokin ne ake ba umarnin da bai kamata ba.

Likitan ƙwaƙwalwar ya tabbatar da abin da muka zata: distoniyar wuya ce, irin wadda ba a gano musabbabinta. Da ido da tarihi ya gane ta, bai nemi sabon hoto ba.

Ciwon da hoto ba ya nunawa

Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu cibiyoyi da, tare da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, suke tsara wace tsoka za ta ja, wacce za ta saki. In kana son waiwayawa dama, dole masu jan hagu su yi shiru. A distoniya wannan tsawatarwar ce take rauni, sai wasu tsokoki su yi ta ja ba a aike su ba. Na yi wa telan misali da kekensa Butterfly: in abin ɗaure zare ya kwance, ɗinki zai yi ta tattarewa, amma in ka ɗauki hoton keken ba za ka ga ƙarfe ko ɗaya ya karye ba. Matsalar a saiti take. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ashe ana iya rasa gani, kuma abin yana nan."

Ba mutanenmu kaɗai suka yi wa wannan ciwo mummunar fahimta ba. Hermann Oppenheim, wani likita a Jamus, shi ya ƙirƙiro kalmar distoniya a 1911, amma shekaru da dama bayan haka likitocin Turai suna ɗaukar murɗewar wuya a matsayin ciwon damuwa, suna tura masu ita wurin likitan taɓin hankali. Sai a shekarun 1970 David Marsden a Landan ya kafa hujjar cewa cutar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ce. Ta fi kama mutane tsakanin shekara 30 zuwa 50, ta fi yawa ga mata, kuma mafi yawan masu ita suna fama da ciwo, abin da ya bambanta ta da sauran nau'o'in distoniya. Takan ƙaru cikin shekarun farko sannan ta tsaya. Ba ta kisa, ba ta taɓa hankali, ba a ɗaukar ta. Kaɗan daga masu ita kan samu ta lafa da kanta na wani lokaci, sai dai galibi takan dawo, kuma ina zaton a nan ne wasu masu magani ke samun shaidar da ba tasu ba.

Yatsu biyun da ƙaninsa ya mai da hujjar ƙarya, su ne hujja mafi ƙarfi ta gaskiyar ciwon. Likitoci sun daɗe da sanin wannan dabara, kuma yawancin masu distoniyar wuya suna da irin tasu: wani haɓa yake taɓawa, wani ƙeya, wani kunci. Ba ƙarfin yatsa ke riƙe kan ba. In ka gwada tura kan telan da tafin hannunka duka, sai ya ƙi. Taɓawar ce take aika saƙo ga ƙwaƙwalwa ya gyara lissafinta na ɗan lokaci. Na sa aka kira ƙanin na nuna masa da hannunsa. Ya tura kan yayansa da ƙarfi, kan ya turje. Yayan ya ɗora yatsa, kan ya dawo. Idon yaron ya ciko. Ya ce, "Hamma, ka yafe mini."

Matar ta tambaye ni ko yaransu za su gada, domin jaririn ƙanwarta ma kansa a karkace yake. Na ce mata mafi yawan masu wannan ciwo ba su da kowa a dangi mai shi. Na jaririn wani abu ne daban: tsokar nan ta gefen wuya ce take gajarta tun haihuwa, wani lokaci har a ji ɗan kulluƙi a cikinta a makonnin farko. In aka fara miƙar da ita da wuri a sashenmu, aka koya wa uwa yadda za ta riƙa shayarwa da kwantarwa ta ɓangaren da yaron ba ya so, kusan dukansu suna warkewa ba tiyata. Ta kawo shi mako na gaba, yana da wata uku. Yaron da ya girma kuwa, in wuyansa ya karkace farat ɗaya bayan ciwon maƙogwaro, ga zazzaɓi, ga dalalar miyau, wannan na gaggawa ne, kada maɗori ya taɓa shi.

Magani

Na gaya masa tun farko cewa ba a warkar da wannan ciwo, rage shi ake yi, kuma ragin na iya kai mutum ga komawa sana'arsa. Gara ya ji haka daga bakina da ya sayar da gona don alkawarin wani.

An fara da ƙwaya. Likitan ya ɗora shi kan Artane, rabin ƙwaya mai miligiram 2, ana ƙarawa a hankali. Maganin nan shi ne matasa ke sha don maye da sunan Exol, har telan ya ce yana jin nauyin miƙa takardar a kantin magani. Ya ɗan rage jan, amma da aka ƙara yawansa sai bakinsa ya bushe, bayan gida ya yi wuya, kuma ganinsa na kusa ya dushe har ya kasa zura zare a allura. Ga tela, wannan ya isa a dakata. Ga shi a zafin watan Afrilu, maganin yana rage zufa. Aka mayar da shi ƙaramin awo. Akwai wasu da ake gwadawa, irin su kulonazifam da bakilofen, amma duk amfanin ƙwaya a wannan ciwo taƙaitacce ne, kuma kulonazifam yana kama jiki.

Maganin da duniya ta yarda shi ne na gaba a distoniyar wuya allura ce ta dafin botulinum, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Botox da Dysport da Xeomin. Dafi ne da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, an tace shi an auna shi ƙanƙani. In aka zuba shi cikin tsoka, yakan hana bakin jijiya sakin sinadarin da ke sa tsokar ta ja, sai ta yi laushi. Likitoci a Kanada suka fara gwada shi a wuya a tsakiyar shekarun 1980, Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2000. Yakan fara aiki cikin mako ɗaya zuwa biyu, ya kai ƙololuwa wajen wata guda, ya gushe bayan kamar wata uku, sai a sake. Ba a so a kusanta allurai ƙasa da mako 12, don kada jiki ya koyi yaƙar maganin.

Da Dada ta ji kalmar dafi, ta ce ba da ɗanta ba. Ƙanin ne ya zauna da ita har ta sauko. Ni ban taɓa ce musu su bar addu'a ba, kuma ba zan ce ba. Abin da na hana uku ne: murɗar wuya, ƙaho a wurin, da shan duk wani maganin amai ba tare da an nuna katin gargaɗin da likitar gaggawa ta rubuta masa ba.

Wahalar allurar kuɗi ne da nisa. Daga waje ake shigo da ita, galibi sai a cikin sanyi take zama, kuma tana bukatar hannun wanda ya san wace tsoka ce ke jan. Sai da ya je Kano, ta hanyar Dukku da Darazo, bayan ya sayar da keke ɗaya cikin huɗu. An yi masa a tsokoki uku ɗin da na ambata. Kwana goma bayan haka matar ta kira ni a tsorace, wai tuwo yana tsaya masa a maƙogwaro. Wannan sananne ne, maganin kan ɗan tsiyaya zuwa tsokokin haɗiya da ke kusa. Na haɗa su da likitan da ya yi allurar, ya ce ya koma kunu da fura mai ruwa-ruwa, ya riƙa ci a zaune daram, in numfashi ya taɓu a garzaya asibiti. Cikin mako biyu ya wuce, kuma a zagaye na biyu aka rage awon tsokar gaba, bai sake faruwa ba.

Nawa aikin ya fi armashi a makonnin da allura ke aiki, lokacin da tsokokin suka daina gardama. Muna gasa wurin, mu miƙar da waɗanda suka gajarce a hankali, mu ƙarfafa masu jan dama da suka yi shekara biyu a kwance. Mafi muhimmanci shi ne madubi. Ƙwaƙwalwarsa ta manta inda tsakiya take; in na ce ya rufe ido ya daidaita kai, sai ya tsaya a karkace yana ganin ya miƙe. Na manna zare a tsaye a tsakiyar madubi, yana daidaita hancinsa da shi, minti goma safe da yamma. Ban sa masa abin ɗaure wuya mai tauri ba, domin tsokar takan yi ta kokawa da shi, fata ta saluɓe. Na je shagon da kaina ranar wata Asabar. Muka matsar da keken yadda allura za ta faɗo ɗan hagu da shi, muka musanya bencinsa da kujera mai dogon baya da zai jingina ƙeya, muka juya teburin yankan yadda ba zai riƙa fuskantar masu wucewa ba, tunda kallon mutane na ƙara masa.

Akwai tiyatar dasa wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa ga waɗanda allura ta gaza musu, amma shi bai kai can ba. Mai irin wannan wuya a yankinmu, abin da ya kamata ya nema shi ne takardar tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, kamar na Tarayya da ke Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ya kuma tafi da ledar magungunansa da wanda ke ganin sa yana barci.

Inda yake yanzu

An yi masa allura sau uku. A tsakiyar kowane zagaye haɓar takan tsaya kusa da tsakiya, ciwon ya ragu har ya yi barci ba magani, yana ɗinki awa biyar zuwa shida. Diklofenak ya bar shi, cikin ya lafa. Babur dai ban yarda ya koma ba, babban ɗansa ke kai shi. A makonni biyun ƙarshe na kowane zagaye jan yakan dawo, yatsu su koma haɓa.

Zagaye na huɗu ya makara da wata biyu saboda kuɗin makarantar yara, kuma wuyan ya koma kusan yadda na fara ganin sa. Ya shiga adashi da telolin layinsu, sun yarda su ba shi ɗauka duk bayan wata uku. Da ya zo makon jiya na tambaye shi ina yake tsayawa a masallaci yanzu. Ya ce in allura na jiki, duk inda ya samu gurbi. In ta ƙare, yana komawa jikin bango. Ranar Litinin mai zuwa zai tafi Kano, ƙaninsa ne zai raka shi.